Almakashi ya fi ƙirƙirarriyar basira ɓarna a siyasa

Tun da manyan kamfanonin fasaha 20, ciki har da Google da Meta da TikTok, suka rattaba hannu a birnin Munich a watan Fabrairun 2024 kan alƙawarin yaƙar bidiyon bogi da ake haɗawa da ƙirƙirarriyar basira, kusan duk muhawara kan siyasa da intanet ta koma kan wannan batu guda. A ganina an bar jaki ana dukan taiki.

Bidiyon bogin da ya nuna Shugaba Zelensky yana umartar sojojin Ukraine su ajiye makamai a watan Maris na 2022 bai kwana ba asirinsa ya tonu. Amma a tuna da Shirley Sherrod, jami'a baƙar fata a ma'aikatar noma ta Amurka. A watan Yulin 2010 aka gutsuro wani yanki na jawabinta aka watsa, inda aka ji kamar tana bugun ƙirji da ƙin taimakon wani manomi farar fata, nan take aka tilasta mata ajiye aiki. Da cikakken jawabin na fiye da minti 40 ya fito, sai aka ga labari ne na yadda ta yi watsi da wannan tunani har ta taimaki mutumin ya ceci gonarsa. Gwamnati ta ba ta haƙuri, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Muryarta ce, fuskarta ce, babu kalma ɗaya da aka ƙaga mata, kuma babu na'urar gano bogi da za ta kama irin wannan zalunci. Haka bidiyon 2019 na Nancy Pelosi, shugabar majalisar wakilan Amurka a lokacin, wanda rage masa gudu kawai aka yi domin ta yi kama da wadda ta sha ta bugu, Facebook kuma ya ƙi cire shi.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan siyasa sun gane kasuwar. Tunda dandalin sada zumunta yana fifita abin da ke riƙe ido da tayar da jijiyar wuya, ɗan majalisa yanzu yakan miƙe ne ba don ya shawo kan abokan aikinsa ba, sai don ya samu daƙiƙa 30 da yaransa za su yanka su yaɗa. Wanda ya tsaya kawo hujja dalla-dalla kuwa ya miƙa wa abokan hamayyarsa abin yanka. Ga shi kuma yawan kururuwar bogi ta ba duk wanda aka kama dumu-dumu mafaka, sai kawai ya ce kwamfuta ce ta haɗa.

Masu cewa mai kallo ya nemo cikakken bidiyon da kansa suna ɗora wa wanda aka yaudara laifin mayaudari ne. Nauyin yana kan kamfanonin, da ya kamata su liƙa wa gutsuren jawabin siyasa hanyar zuwa asalinsa, da kuma kan editocin da ke ɗauko gutsure su mai da shi kanun labari alhali ba su saurari abin da aka faɗa kafinsa da bayansa ba.