Kwalliyar Da Na Yi Wa Takardar Fijo

Tunda bidiyon walimar motata ya riga ya zagaya, har ƙanwata da ke Kaduna ta turo mini shi tana tambaya wai ko ni ne, gara ku ji daga bakina.

Kun dai san na sayi Fijo. Peugeot 504 ce ƙirar 1979, ruwan madara, irin wadda Baba ya riƙe muna yara, sai dai tasa haɗin Kakuri ce a Kaduna, tawa kuwa 'yar Faransa ce gaba da baya. A intanet na gan ta, wurin wani tsoho a ƙauye kusa da Lille. Kuɗinta ban faɗa ba, ba kuma zan faɗa ba, don Maman yara tana karanta duk abin da na rubuta. Na je da mai tirela muka ɗora ta, muka hau jirgin fito daga Calais zuwa Dover ta nan Ingila, wakilin kwastan ya yi aikinsa, na biya harajin VAT kashi 5 cikin ɗari da ake karɓa a kan motar tarihi da ta haura shekara 30, aka shigar da ita NOVA, wato tsarin sanar da hukumar haraji shigowar mota, kafin kwana 14 su cika. Duk wannan lafiya lau. Har na fara ba mutane shawara a masallaci.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne abin da ya faru a teburin kicin ɗin tsohon. Takardu uku ya ba ni. Biyu farare, ɗaya kuma doguwa mai naɗi uku, wadda ko ba a faɗa maka ba ka san ita ce uwar takardun. Ina kallo ya ɗauki biro ya ja mata layi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya yi wani rubutun tafiyar tsutsa a kai, ya sa hannu, ya miƙo mini yana murmushi. Gabana ya faɗi. Na ce a raina, wayyo, tsufa ya taɓa bawan Allah. Amma ba a yi wa babba gyara a gidansa, kuma Faransancina bai wuce bonjour da merci ba. Na karɓa na yi godiya.

Daren Juma'a na zauna cike fom ɗin V55/5 na neman rajistar mota a Ingila, na ga an rubuta sai an haɗa da ainihin takardar rajistar ƙasar da mota ta fito, ba kwafi ba, a tura ofishin rajistar motoci da ke Swansea tare da fam 55. Na sake duba takardar nan. Jama'a, mu da muka tashi muna ganin iyayenmu suna naɗe fatikula a leda biyu su sa ƙarƙashin katifa, ta yaya zan tura wa Turawa takarda an yi mata zanen yara? Sai na buɗe jakar makarantar babbar 'yata na ɗauko Tipp-Ex, farin ruwan nan na shafe rubutu. Sama da awa ɗaya na yi a kai, da fitilar waya, ina bin layin nan a hankali don kada in taɓa rubutun inji. Na shafe layin, na shafe tafiyar tsutsar, na shafe sa hannun. Na hura ta bushe, na danne ta da ƙamus ta kwana. Da safe na nuna wa Maman yara, ta duba ta ce "To." Shekara goma sha huɗu da aure, ya kamata a ce na san wannan "to" ɗin.

Asabar aka yi walimar. Motar tana garejin da na kama haya, tunda ba halin hawa titi da ita sai ta sami lambar Ingila. Ciyaman ɗin ƙungiyarmu ya zo, Liman ya zo ya yi addu'a ya tofa wa bonet, an kai mutum ashirin. Na sa farar shadda. Na tsaya jikin ƙofar direba na yi jawabi: yadda 504 ta fito a 1968, ta ci gwarzuwar motar Turai a 1969, yadda aka fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975, yadda sitiyarinta yake hagu kamar na gida. Na ce tunda ta haura shekara 40 ba ruwanta da MOT, gwajin lafiyar mota, ba ruwanta da harajin hanya, kuma da yake an ƙera ta kafin 1980 ina da damar sa mata baƙar lamba mai rubutun azurfa. Aka yi tafi.

Sai Malam na Damagaram ya goge hannunsa da tishu ya ce, "Alhaji, mu ga kart giriz ɗin."

Kart giriz ita ce takardar rajistar mota ta Faransa, doguwar nan mai naɗi uku. Ni kuwa abin nema ya samu. Na buɗe aljihun gaban mota na zaro ta cikin farar ambulan, na miƙa masa da hannu biyu. Har na ce, kuma wannan ita ce maganar da ta fi ci mini rai, domin ta fito tar a bidiyon: "Ka ganta nan kamar yau aka buga ta. Sai da na ɗan gyara ta."

Ya buɗe. Ya yi shiru. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ɗaga ta sama saitin ƙwan fitila, sai ga layin tsohon nan ya fito ta baya kamar jijiya. Ya sa farce ya ɗan kankari farin, ya sunsuna. Duk wannan ba wanda ya yi magana, sai ƙarar cokalin ƙanin Ciyaman.

"Alhaji, wa ya yi wannan aikin?"

Na ce ni ne.

"Da hannunka?"

Na ce da hannuna, tsohon ne ya ɓata ta.

"Me ya rubuta a nan wurin?"

Na ce oho, wani shirme ne da lambobi.

Ya juya wajen jama'a, ba ma wajena ba, ya ɗaga takardar kamar mai shelar ɗaurin aure. Ya ce a Faransa idan mutum ya sayar da mota, doka ce ta sa shi ya ja wa kart giriz layi, ya rubuta "vendu le", wato an sayar ranar kaza, ya sa kwanan wata da ƙarfe nawa, ya sa hannu. Ya ce wannan layin shi ne bakin mai mota yana cewa na saki. "To shi Alhaji ya kwana yana goge shaidar cewa an sayar masa. Yanzu takardar nan cewa take motar tsoho ce, kuma wani ya yi mata aika-aika da farin fenti." Ya ɗan tsaya. "Ku Kanawa ku ne masu cewa gyaran gangar Auzinawa. To yau ga naku."

Liman ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa. Ya sa bakin rawaninsa ya toshe baki, amma kafaɗunsa suka tona masa asiri. Ciyaman ya ce "Subhanallahi" sau uku, na ukun ya ƙare da tari. Ni kuma ina tsaye cikin shadda, hannuna ɗaya a kan rufin mota, har lokacin murmushin jawabi bai gama sauka daga fuskata ba, don ban san inda zan ajiye shi ba. Na ce, "Ai ana iya kankarewa." Malam ya ce, "Awo, ana iyawa," da wata murya irin ta likitan da ya riga ya ga hoton ƙashi.

Shi kuwa ƙanin Ciyaman, bari in tsaya a kansa. Mutumin nan ban gayyace shi ba. Tun da ya shigo ya leƙa motar ya ce, "Au, wannan ce? Ai irinta muke hawa daga Kawo zuwa Zariya, mu huɗu a baya biyu a gaba." A gaban Liman. Sannan ya zauna kusa da tiren tsire bai tashi ba. Wannan shi ne mutumin da ya ari babbar kulata ranar sunan ɗansa, shekara biyu ke nan, shuɗiya mai taya, duk lokacin da na tambaya sai ya ce tana but ɗin motarsa zai kawo. Na ga but ɗin nan a buɗe sau biyu. Ba kula. Kuma mutumin da ko sallama a waya sai ya ce ba shi da caji, ranar nan wayarsa ta ɗauki minti shida ba ta ko girgiza ba, har da matso da fuskata. Wai da na yi masa magana daga baya, sai ya ce shi mutum ɗaya kawai ya tura wa. Mutum ɗayan shi ne zauren ƙungiya.

To, Malam ya ce a kira tsohon tun da zafi. Ya sa wayar a sifika. Ya yi bayani da Faransanci, na ji an yi shiru can, sai wata dariya ta fashe mai haɗe da tari, har na ji tsoro kada alhakin tsoho ya hau kaina. Sai ya ƙwala wa matarsa kira. Nan ne Malam ya sake duba takardar ya ce af, ai sunaye biyu ne a jiki, na miji da na mata, kuma idan mota ta mutum biyu ce dukansu suke sa hannu a takardar sayarwa. Muka zaro farar takardar. Hannu ɗaya ne. Ranar nan matar tana lambu tana ban ruwa, ba wanda ya kira ta, ni ma ɗaga mata hannu kawai na yi.

Ta karɓi wayar ta yi magana mai tsawo. Na ce Malam me take cewa. Ya ce tambaya take ko ni ne mutumin nan mai kirki da ya ce mata bonjour lokacin da zai tafi. Wannan bai kamata ya fassara da ƙarfi ba.

Da dare na gwada reza. Ba zan ja maganar ba: layin ya fito, rabin sa hannun ya fito, daidai wurin kwanan watan kuma yanzu akwai huda da za ka iya leƙa mutum ta ciki. Maman yara ta zo wucewa ta duba, ba ta ce ko "to" ba.

Tsofaffin sun yi mini halacci. Sun aiko da sabuwar takardar sayarwa da hannu biyu, da wasiƙar bayani, wadda Malam ya fassara mini bayan ya sa na saya masa shayi ya kuma karanta ta sau biyu yana jijjiga kai. Na rubuta wa ƙungiyar masu tsofaffin Fijo ta nan Ingila ina neman takardar tabbatar da shekarar ƙira daga lambar casis, ko da za a ƙi karɓar mai hudar. Sun ce in ɗauko hoton lambar a jikin ƙarfe, na ɗauko ta injin na tura, suka ce ba ita ba ce. Na sake turawa.

Wata na uku ke nan ina biyan hayar gareji. Ranar Lahadi nakan je in tayar da ita ta ɗan yi zafi, in zauna a ciki in murɗa rediyo. Yara sun sa mata suna falon Baba. Jiya na haɗu da ƙanin Ciyaman a shagon nama, ya tambaye ni yaushe za a ɗana. Na tambaye shi kula. Ya ce tana but.