Wane Aljani Ne Ke Zuwa A Kwali?

Wai don Allah sai yaushe za a daina cewa "sammu aka yi masa" duk sanda ƙwaya ta kwance wa ɗan wani mawaƙi ko ɗan fim kai? Daga Agege har Idi-Araba a Legas labarin ɗaya ne: uba na wajen wasa ana masa liƙi har asuba, yaro na gida da katin banki da makullin mota, ba mai tambayar inda ya kwana. Da maganin tari mai kodin ake farawa, wanda aka hana tun 2018 amma har gobe ana tuttula shi a lemon kwalba, sai ƙwayar tiramadol mai miligram 225, alhali wanda aka yarda da shi bai wuce 100 ba, sai yaro ya zube a falo yana farfaɗiya. Wane aljani ne ke zuwa a kwali? Janareto ya ɓace, sarƙar Hajiya ta yi ƙafa, a kori mai gadi, bawan Allah! Uwa ta ce kishiya ce, kishiya ta ce gado ne, uba ya ce kar 'yan jarida su ji. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba nan, amma ina, sunan gida zai ɓaci! Gara a kulle shi a ɗaki a raba shi da ƙwayar dare ɗaya, ya yi ta gumi da amai da gudawa da ciwon gaɓɓai, kwana 3 ya ɓalle taga ya koma wajen dila. Sannan ka buɗe TikTok ka tarar yana zagin ubansa kai tsaye, ƙanwarsa na ramawa, mu kuma datarmu na ƙonewa!