Mai zane yana Faris, wuta ta ci Damagaram

Duk lokacin da aka tado da maganar zanen ɓatanci ga Annabi (SAW), sai wani ya fito ya ce ai a Turai kowa na da 'yancin faɗin albarkacin bakinsa. Ni wannan magana ba ta gamsar da ni. Faransar da ake kafa hujja da ita, tun 1990 take da dokar hukunta duk wanda ya musanta kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa. Ita kanta Charlie Hebdo, jaridar barkwancin Faransa mai irin wannan zane, a 2008 ta sallami mai zanenta Siné saboda wani rubutu kan ɗan Shugaba Sarkozy da aka ce ya taɓa Yahudawa. Ashe dai bakin yana da linzami, sai an zo kanmu ake cire shi. Denmark ma, inda jaridar Jyllands-Posten ta buga irin wannan zane guda 12 a 2005, sai ga ta a 2023 ta haramta ƙona Alƙur'ani a bainar jama'a.

Amma fa 'yan'uwa, abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya namu ne. Bayan an harbe mutum 12 a ofishin Charlie Hebdo a Janairun 2015, jaridar ta sake yin zane. Ranar Juma'a 16 ga wata Damagaram ta kama da wuta, washegari Yamai. Mutum kusan 10 suka rasu, aka ƙone coci-coci. A unguwarmu akwai wata Kirista mai tuyar ƙosai, kullum da safe yaranmu a gabanta suke layi. Kwana uku ta yi ɓoye a ɗakin innata, sanye da hijabin aro. Wallahi ko sunan jaridar ba ta iya faɗa ba. Haka aka yi a Maiduguri a 2006 kan zanen Denmark, sannan aka huce a kan Hausawa 'yan kasuwa a Anaca.

A 2006 ɗin nan Larabawa ƙauracewa suka yi wa madara da man shanun kamfanin Arla na Denmark, kuma ya ji a jikinsa, ƙauracewa kuwa ba ta zubar da jinin maƙwabci. Mu kuwa? Charlie Hebdo da ke buga kwafi dubu 60 ta buga miliyoyi a wancan makon na 2015. Maƙwabciyarmu ta koma ta tarar ko kaskonta babu.