Talabijin ta bar ƙofar gida, kwamfuta ba ta zo wurinta ba

Duk wanda ya yi wayo a Sakkwato kafin zuwan wayar salula a 2001 ya san yadda ake fito da talabijin ƙofar gida bayan sallar isha'i, musamman lokacin bazara da ɗaki ba ya zaunuwa. A ɗora ta kan tebur, a shimfiɗa tabarmi, yara a gaba, dattawa a baya. Ƙarfe tara na yi kowa ya yi tsit don labaran NTA. Maigidan bai taɓa tambayar ɗan wane ne wannan ba, ɗan attajiri da almajiri tabarma guda. Har ƙauyuka hukuma ta kan kafa gidan kallo da janareto domin jama'a.

Yau ka zaga Mabera ko Runjin Sambo, ka leƙa teburin mai shayi: kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa. Gidajen kallon ƙwallo ne suka rage, su ma tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mai da na DStv suke neman durƙusar da su.

Ni ban ce a dawo da talabijin ƙofar gida ba. Kwamfuta ta fi ta amfani nesa ba kusa ba, tunda da ita ake neman aiki, ake karatu, ake sana'a. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne talabijin guda ta kan ishi unguwa, kwamfuta kuwa ta mai ita ce kaɗai. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya. Yaro ya taso daga Tangaza ko Gudu, ya haddace karatunsa tsaf, amma ranar jarrabawa ce ranar farko da hannunsa zai taɓa linzamin kwamfuta. Wallahi wannan zalunci ne. Shagunan kafe ma ba su magance ba, don mai shago ke dannawa, kai dai ka biya ka karɓi takarda.

Ƙananan hukumomi 23 gare mu, rana kuwa Allah ya hore mana. Me zai hana kowace mazaɓa ta samu ɗaki guda mai sola da kwamfutoci goma, da malamin da zai zauna da yara, maza da safe, mata da yamma? Masu neman kansila su fara da wannan in sun zo neman ƙuri'unmu.