Dariyar Me Kuke Yi Wa Mazan Jiya?

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, musamman ƙannena maza, domin yau da ku nake.

Kwanan nan aka yi rasuwar wata tsohuwa a unguwarmu, Allah Ya jiƙanta. Bayan an share makoki ana kwashe kayan ɗakinta, sai aka jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, na marigayi mijinta wanda ya riga ta da shekaru masu yawa. A ciki akwai lambobin yabo na soja da zarensu ya koɗe, da littafin sallama, da wani tsohon hoto. Mutumin ne yana saurayi, da gajeren wando, tsaye kusa da wani jirgin sama mai farfela biyu. Jikokinsa suna gani suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Ku zo ku ga akwalar jirgi." Wani ya ce, "Ashe Kaka yaron Bature ne." Ɗaya ya maƙala lambobin a ƙirji yana fareti a tsakar gida, sauran suna ɗaukarsa a waya. Sai da wata gwaggonsu ta fashe da kuka sannan aka tsame lambobin daga tarkacen da za a auna wa ɗan jari-bola.

Wallahi raina ya ɓaci. Da rashin sani ne kawai da sauƙi, domin wanda bai sani ba ana sanar da shi. Dariyar ce ta tsaya mini a rai. Mutum bai san abu ba, bai tambaya ba, kuma abin da ya fara zuwa bakinsa shi ne raini.

Bari in tambaye ku. Wannan da kuke kira akwala, kun san abin da irinsa suka yi a ƙasar nan? Tun 1925 jiragen sojan saman Ingila guda uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano, su ne jiragen sama na farko da suka zo Najeriya. Amma lokacin da sararin Kano ya cika da rugugin jirage shi ne zamanin yaƙin Hitila, a sarautar Sarki Abdullahi Bayero. A watan Yuni na 1940 Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus, Faransa kuma ta faɗi, sai tekun Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Ingila. Suna da sojoji a Masar suna jiran jiragen yaƙi, ga hanya ta toshe. Dabarar da suka yi ita ce su ɗauko jiragen a wargaje cikin manyan akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, sannan matuƙa su tuƙa su su ratsa Afirka. Daga Takoradi zuwa Legas, daga Legas zuwa Kano, sai Maiduguri, sai Fort Lamy wadda yanzu ake kira Injamena, sai Janaina da Fashir a Darfur, sai Kartum, sannan su bi kogin Nilu har Alƙahira. Wanda kakansa ya yi aikin hajji a ƙasa ya san sunayen nan, domin kusan hanyar alhazai ce jiragen suka bi ta sama. An fara a watan Satumba na 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta hanyar nan. Yawanci jirgi ɗaya samfurin Blenheim ke shiga gaba da mai duba taswira, ƙananan jiragen yaƙi irin su Hurricane su biyo shi a baya, cikin hazon hunturu da guguwar damina. Wasu sun faɗi a daji da hamada, ba su isa ba.

To wa ya share filayen da suka sauka? Wa ya fasa dutse, ya ɗauki ƙasa a kwando, ya daɓe titin jirgin? Wa ya mirgina gangunan fetur a rana? Jirgin ƙasa bai isa Maiduguri ba sai 1964, saboda haka duk man da jiragen suka sha a can a ƙasa aka kai shi, bisa hanyar da damina ke mayarwa taɓo. Leburori ne da direbobi da masu gadi da masu dafa abinci, mutanen Kano da Borno da Cadi, waɗanda ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu a jikin jirgi ba. Kuma hanyar ta dami Jamusawa har ta kai a watan Janairu na 1942 wani jirginsu ya ratso hamada ya jefa bama-bamai a filin jirgin Fort Lamy, ya ƙona man da aka tara a wurin. Abin da abokan gaba suka ratso Sahara don su lalata, shi ne kai yau kake kallon hotonsa kana ƙyaƙyatawa. Wanda ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara.

Kuma kada a manta, har kuɗi aka tara a ƙasar nan don sayen jiragen yaƙi, daga baitulmalin sarakuna har aljihun talaka, abin da ya sa wata runduna ta sojan saman Ingila, ta 91, ta ɗauki sunan Najeriya. Da Japan ta kame Malaya a 1942 Turawa suka rasa kuzar can, sai suka juyo kan Jos. Aka riƙa ɗiban mutane na dole daga ƙauyukan Arewa, dubun-dubata, ana kai su haƙar kuza cikin sanyin da ba su saba ba, da ƙarancin abinci da cututtuka. Da yawa can suka mutu. Ku tambayi tsofaffin ƙauyenku, in akwai sauran masu tunawa, me ake nufi da ɗiban gwamna.

Na san amsar da kuke bayarwa, na sha jin ta a majalisa da wajen mai shayi: "Ai yaƙin Bature ne, me ya kai su?" Gaskiya ne yaƙin Bature ne. Gaskiya ne wasu talauci ya kai su, wasu dagaci ne ya nuna su da yatsa don a cika adadin da aka ɗora wa gari, wasu kuma ƙuruciya da son ganin duniya. Albashinsu bai kai na farin soja ba, kuɗin sallamarsu bai kai nasa ba, kuma ana yi musu bulala a lokacin da aka daɗe da daina yi wa sojan Ingila. Duk wannan an yi. To in har an zalunci kakanka, wa ya kamata ka ji haushi? Wanda ya yi zaluncin, ko wanda aka yi wa? Bature ya ci guminsa ya tafi, kai kuma jininsa ka zo kana masa dariya. Wannan ba wayewa ba ce, kuma ba kishin ƙasa ba ne. A Akra, ran 28 ga Fabrairu na 1948, tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙin nan ne suka yi jerin gwano don neman haƙƙinsu, aka harbe uku daga cikinsu, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, kuma tarzomar da ta biyo baya ta gaggauta 'yancin Gana. Waɗanda kuke kira yaran Bature ke nan. Kai da kake zaginsu, me ka taɓa tsayawa a kai har ka yarda a taɓa lafiyarka?

Jirgin da ke cikin hoton nan ya yi mini kama da Dakota, kuma in Dakota ne, to duk tsohon sojan da ya je yaƙin Bama, wato ƙasar Myanmar ta yau, ya san darajarsa. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta haɗa 'yan Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, an tura ta kwarin Kaladan a 1944, cikin duwatsu da dajin gora inda mota ba ta shiga. Abincinsu da harsashinsu da maganinsu duk daga sama ake jefo musu da laima. Ranar da hadari ya rufe sama jirgi bai zo ba, a ɗaure ciki. Abin da aka jefo kuma, akwai rukunin sojoji da aikinsu shi ne su ɗauka a ka su hau dutse da shi, yawancinsu ba ko bindiga a hannu, ga Japanawa a cikin daji. Da adda da gatari suke sare daji su yi ɗan fili don ƙaramin jirgi ya sauka ya ɗauki wanda aka harba. Bataliyoyi uku na Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, a jirgi aka kai su can bayan layin Japanawa tare da dakarun Janar Wingate da ake kira Chindit. Samari ne da yawancinsu ba su taɓa ganin teku ba sai da aka ɗebe su, kuma da Hausa ake ba su umarni. Ga zazzaɓin cizon sauro, ga atini, ga matsattsaku, ga ruwan sama na wata da watanni. Sarkin Katsina Usman Nagogo, jim kaɗan bayan hawansa sarauta a 1944, sai da ya je har can ya gaishe su. Sarki ya ga girmansu ya keta ƙasashe don ya duba su, kai kuma ɗan bana-bakwai kana fareti da lambarsu don a danna maka alamar so. Yaro bai san wuta ba sai ya taka.

Abin takaici, sunayen wuraren nan suna gabanku kullum. Barikin Chindit a Zariya, barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, Myohaung da Arakan da Dodan a Legas, Letmauk a Ibadan, duk daga yaƙin Bama aka samo su. Sunan barikin Mogadishu kuma daga yaƙin da aka yi da Italiya a 1941, lokacin da sojojin Najeriya suka shiga birnin suka wuce har Harar a ƙasar Habasha. Kuna wucewa ta ƙofar barikokin nan a kan babur ba wanda ya taɓa tsayawa ya ce me sunan nan yake nufi. Amma a tambaye ku 'yan wasan wata ƙungiyar ƙwallo ta Ingila ko Sifen, sai ku jero su har da na benci, da nawa aka sayi kowa. Ga cacar ƙwallon nan da ta cinye jarin samari da yawa, mutum ya saci kuɗin cefanen uwarsa ya zuba, ya kwana yana kallon waya. Ga maganin tari da ƙwaya. Wanda ba ya iya tashi sallar asuba sai an yayyafa masa ruwa, shi ne mai bakin raina wanda ya kwana a rami cikin ruwa yana jiran harbi. Haba jama'a!

Kuma manyanmu ba su tsira daga wannan laifi ba. Kowace shekara ran 15 ga Janairu a fito a ajiye furanni, a saki tattabaru, a yi jawabi a kan 'yan mazan jiya, washegari a manta. Yaro yana ganin yadda tsohon soja ke jigilar neman fansho, yana ganin yadda matar wanda ya mutu a bakin daga ke fama da marayu, sai ya ɗauka ai abin ba shi da daraja. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma wannan bai wanke ku ba. Sakacin gwamnati daban, rashin kunyar jika ga kakansa daban.

Ƙannena, ina faɗa muku ne don ina son ku. Allah Ya hana mu izgili a cikin Suratul Hujurati, Ya ce kada wasu mutane su yi wa wasu izgili, wataƙila waɗanda ake yi wa sun fi su alheri. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce ba ya cikinmu wanda bai ji ƙan ƙaraminmu ba, bai san girman babbanmu ba. Wannan ga mai rai ke nan, ina ga wanda ke kwance a kabari, ba ya iya kare kansa, abin da yake jira daga gare ka addu'a ce? Ku ji tsoron Allah, ku gyara. Ku tambayi na gaba da ku. Abin da kuka tarar a gida na tarihi ku riƙe shi da mutunci. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kuma lokaci ya ƙure. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943, yau ya kai ɗari. Kusan duk sun tafi, 'ya'yansu ma da suka ji labari daga bakinsu suna ta tafiya. A maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Rangun na ƙasar Bama akwai ginshiƙai da aka rubuta sunayen sojoji kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da mutanenmu. Iyayensu mata sun yi ta jira har suka mutu, wasu ko takardar sanarwa ba su samu ba.

Mu da muka taso muka tarar da ragowarsu, mun ga yadda ake yi da su. Tsohon soja in ya fito majalisa sai a gyara masa tabarma. Ko da yana da faɗa, ko yana firgita in ya ji ƙarar jirgi, ko yana magana shi kaɗai, ba yaron da ya isa ya yi masa dariya, domin duk babban da ya gan ka zai kwaɗe ka, in ka kai ƙara gida a ƙara maka. Da dare yara su kewaye shi ya ba su labarin teku da Indiya da yadda buhun shinkafa ke saukowa daga sama, ba mai katse shi ko da ya maimaita labarin sau goma. A lokacin ɗa na kowa ne. Yaro ba ya wuce babba da takalmi a ƙafa bai rusuna ba, ba ya kiran sunan kakansa gatsau, balle ya taɓa kayansa da wasa. Ina wannan tarbiyya ta tafi? Yanzu ka tsawata wa ɗan maƙwabci, uwarsa ce za ta fito da mayafi a kafaɗa ta tare maka hanya, uban kuma ya daina gaishe ka. Yaro ya zo wucewa ta gaban dattawa da abin sauraro toshe a kunne, sallama ma sai ya ga dama, in ka yi magana ya ce maka zamani ne ya canja. Su kuma dattawan sun gaji, sun zuba ido, kowa na gudun a ci masa mutunci a gaban 'ya'yansa.