Awa uku a dandalin Bologna da fim ɗin da bai shiga raina ba

Daren Asabar wani dattijo ɗan Italiya da muke aiki tare a masana'anta ya ja ni kallon fim. A nan Bologna, in lokacin zafi ya kama, sukan kafa ƙaton allo a tsakiyar Piazza Maggiore, gefen tsohuwar majami'ar San Petronio, a jera kujeru, kowa ya zo ya zauna kyauta. Ba a farawa sai duhu ya sauka sosai, ga shi a watan Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara. Tsofaffin mata na fifita da mafici, samari sun jingine kekuna sun zauna a kan matakalar majami'a, wasu ma a ƙasa. Da aka kashe fitilu dandalin ya yi tsit, ko tari ba ka ji. Wannan kam ya burge ni, taro irin wannan babu mai amsa waya.

Fim ɗin shi ne La Dolce Vita na Federico Fellini, wanda ya fito a 1960, ma'anar sunan daɗin rayuwa. Tun a hanya dattijon yake yi mini bitar darajarsa: ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a shekarar, kuma daga sunan wani mai ɗaukar hoto a cikinsa, Paparazzo, duniya ta samo kalmar paparazzi. Ya ce ranar da jarumin, Marcello Mastroianni, ya rasu a 1996, an tsayar da ruwan marmaron Trevi a Roma an lulluɓe shi da baƙin ƙyalle. Na zauna da kyakkyawar niyya, wallahi.

Kusan awa uku ina jiran labari ya fara. An buɗe da jirgi mai saukar ungulu yana ratsa samaniyar Roma ɗauke da mutum-mutumin da Kiristoci ke danganta wa Annabi Isa, na gyara zama. Daga nan sai bin wani ɗan jaridar gulma, Marcello, daga gidan rawa zuwa gidan biki a titin Via Veneto. Dare ya yi, ya bi wata mace, gari ya waye, ya koma gida a gajiye. Dare ya sake yi, ya bi wata. Budurwarsa ta sha ƙwayoyi don ta kashe kanta, ya kai ta asibiti, daga can ya ɗauki waya yana neman wata. Da aka zo wurin da 'yar fim Anita Ekberg ta shiga ruwan Trevi da baƙar riga tana kiran Marcello, sai na ji dandalin ya ja numfashi gaba ɗaya, dattijon ya dafa hannuna. Ni dai mace na gani ta shiga ruwa da tufafinta, namiji ya bi ta, ruwan ya ɗauke, shi ke nan.

Ba zan ce babu gwaninta ba. Hoton baƙi da fari ne amma ya fi masu launi da yawa kyau. Akwai kuma wurin da abokin Marcello, Steiner, ya kashe 'ya'yansa biyu ya kashe kansa, masu ɗaukar hoto suka yanyame matarsa a tashar bas tun ba ta san abin da ya faru ba, tana murmushi tana zaton sun ɗauke ta 'yar fim. Tsikar jikina ta tashi. Amma minti nawa ne wannan a cikin awa uku?

Da muka tashi ya tambaye ni yaya na gani. Na faɗa masa gaskiya. Ya yi shiru kaɗan, ya ce ba laifina ba ne, ku ba ku saba da irin wannan ba. Wannan "ku" ɗin ita ce ta hana ni barci.

Mu ne ba mu san labari ba? Mu da tun kafin mu iya ɗaura wando ake ce mana ga ta nan ga ta nanku? Ko Gizo, duk wayonsa, ba a cewa ƙurunƙus sai an ga inda rana ta faɗa masa. Na san abin da ake faɗa a kan finafinanmu na Kano, rawa da waƙa da kwaikwayon Indiya, ni ma na sha faɗa. Amma a mafi raunin fim ɗinmu, in saurayi ya wulaƙanta yarinya irin haka, kawu zai aika a kira shi, ko gwaggo ta zo har gida ta zaunar da shi. A wurin Fellini babu mai tsawatarwa. Dattijon ya ce ai manufar ke nan, a nuna rayuwar da ta zama holoƙo. Na fahimta. Sai dai ban ga dalilin da zai sa rashin son fim ya zama shaidar ƙauyanci ba, tunda jaridar fadar Paparoma da kanta ta yi tir da shi lokacin da ya fito, kuma a Milan har yawu aka tofa wa Fellini. Su ma ɗin ba su saba ba ne?

Akwai wuri ɗaya da ban faɗa wa dattijon ba. Mahaifin Marcello ya zo Roma daga garinsu, ya sami ɗansa a Via Veneto. Suka je gidan rawa, tsohon ya sha ya yi ta raha, daga baya ciwo ya kama shi a ɗakin wata mai rawa. Da asuba yana zaune a kujera ya fuskanci taga, ya ba ɗansa baya. Marcello ya roƙe shi ya ƙara kwana ɗaya su yi hira, don ba su taɓa zama sun yi ba. Tsohon ya ce jirgin ƙasa zai bi da sassafe, ya sa hularsa, ya shiga tasi. A nan ne na sunkuyar da kai a tsakiyar mutane, don ƙeyar tsohon irin ta Baba ce sak in yana zaune a zaure bayan sallar asuba.

Shekarata huɗu rabona da Katsina. Kuɗi ina aikawa duk wata, ba na fashi, kuma na daɗe ina lissafa wannan a matsayin zumunci. Lahadi da safe na kira gida. Ƙanena ya kai wa Baba wayar, muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi ko ina samun abin da zan ci. Ya ce damina ta yi kyau bana, gero ya fara fitar da kai. Na so in riƙe shi da hira, na rasa ta inda zan kama. Ya ce, "To yaushe za mu gan ka?" Na ce, "Baba, bayan babbar sallah in sha Allah." Ya ce Allah ya kai mu, haka na ce masa bara ma.