Kalmar sirri ɗaya a kan kwamfutoci da yawa, wannan ba tsaro ba ne

Abin da ke damuna shi ne yadda mutum zai sayi sabuwar laftof ya saka mata kalmar sirrin da ke kan kwamfutar ofis, ita ce a ta gida, ita ce a imel, in ka yi magana ya ce ai mai wuya ce, akwai lamba akwai alama ba wanda zai iya canko ta. To ai masu kutse ba cankowa suke ba, sacewa suke.

Ka duba tsohuwar kwamfutar nan ta gida da yara ke sauke wasanni kyauta a kanta, ba a taɓa sabunta ta ba, in manhajar leƙen asiri ta shiga duk abin da ka danna a kibod tana rubutawa, shi kenan an samu makullin ta ofis ma ba tare da an taɓa ta ba. Tsawon kalmar bai hana komai ba a nan.

Kuma ba ƙananan mutane kaɗai abin ke ci ba. A 2012 aka yi wa LinkedIn, shafin sada zumunta na ma'aikata, kutse, wani ma'aikacin Dropbox, kamfanin ajiye fayiloli a intanet, yana amfani da kalma ɗaya a wuraren biyu, da ita aka shiga Dropbox aka kwashi bayanan asusu kusan miliyan 68. A 2016 Mark Zuckerberg mai Facebook da kansa aka shigar masa Twitter da Pinterest.

Wanda ya fi ba ni tsoro ma shi ne masu kula da kwamfutocin ofis da ke saka kalmar admin (asusun da ke da cikakken iko a kan kwamfuta) guda a kan injina hamsin don sauƙin aiki, ɗaya ta faɗi sauran sun bi, shi ya sa Microsoft ta fito da wata manhaja mai suna LAPS a 2015 don kowace kwamfuta ta samu tata daban.

Na san uzurin, wa zai haddace kalmomi ashirin? Gaskiya ne, ba mai iyawa, kuma ba a ce ka haddace ba. Akwai manhajojin ajiye kalmar sirri irin su Bitwarden da KeePass, ka riƙe guda ɗaya doguwa su riƙe maka sauran, sannan ka kunna tabbatarwa mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara wata shaida kamar lamba daga wayarka. In ba za ka iya canza duka yau ba ka fara da imel, don ta nan ake sake saita kalmar sauran asusunka.